Likita, Yana Jin Mu Kuwa?

Rubutun nan yana da tsawo, na faɗa tun yanzu. Wanda yake da tes gobe ya ajiye shi sai ya fito. Kuma ba 'yan likitanci da 'yan jinya kaɗai nake nufi ba. Kai da kake karanta lissafi ko shari'a ko Hausa, ranar da aka kwantar da yaron gidanku kai za a tura asibiti, don kai ne "ɗan jami'a", kai za ka tsaya tsakanin likita da dangi. To har da kai nake.

Akwai lambobi uku da duk wanda ya shiga ajin asibiti ya haddace kamar karatun allo: huɗu, biyar, shida. Ido huɗu, magana biyar, motsi shida. Ma'aunin Glasgow kenan, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974 a can Sikotlan. In mutum ya bugu a ka sai a duba, yana buɗe ido? Yana magana, kuma maganar tana kan hanya? In an ce ya yi abu yana yi, in an matsa masa wuri mai zafi yana kai hannu? Sai a tara maki. A yadda ake amfani da shi yau, lafiyayye 15 yake da shi, mafi ƙasa kuma 3, shi ya sa malamai kan yi mana barkwanci cewa ko teburin ajin nan yana da 3. Daga 8 zuwa ƙasa, rauni ya yi tsanani.

Kar wani ya ce na raina ma'aunin nan. A daren da aka kawo yaro jina-jina, shi ne zai gaya maka ko yaron nitsewa yake ko tasowa, kuma da shi nas ɗin dare da likitan safe suke fahimtar juna ba tare da dogon bayani ba. Sai dai don sa'o'in farko da kwanakin farko aka yi shi. Rikicin yana farawa ne a mako na uku ko na huɗu, lokacin da yaro bai rasu ba, bai kuma tashi ba. Ya buɗe ido. Yana barci yana farkawa, yana hamma, wani lokaci har fuskarsa ta yi kamar murmushi. Amma ka kira shi, shiru. A nan ne wata tsohuwa za ta riƙe maka gefen farar riga, ba ruwanta da cewa kai ɗalibi ne, ta ce, "Likita, yana jin mu kuwa?" Wannan tambayar ba ta cikin takardun jarabawar baya da muke rabawa a guruf, kuma huɗu-biyar-shida ba ta amsa ta.

Ni a Jekadafari nake haya, mu uku a ɗaki ɗaya. Ɗaya daga Billiri yake, ɗaya daga wajen Deba, ni kuma Bafulatani ne a takarda, don in aka wuce gaisuwa sai dai in yi murmushi. Na kawo wannan ne don ku ga irin garin da muke ciki. Gombe tana iyaka da Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba, kuma daga asibitin ƙwararru da ke nan Jekadafari har asibitin koyarwa na tarayya da ke hanyar Ashaka, in ka bi layin gadaje za ka ji Fulfulde, Tangale, Tera, Waja, Tula, Bolanci, Barbarci, ban da Hausa da ta haɗa kowa. Babba ya iya Hausa ko ta kasuwa ce. Yaron shekara shida da ya tashi a ruga ko a ƙauyen bayan dutse, ba dole ba ne.

Yaron da zan ba ku labari bai wuce shekara bakwai ba. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi asibitin ba, kar ma a tambaye ni ta inbos. Mashin ne ya kwashe shi ranar kasuwa a bakin titi, kansa ya bugu ta hagu. Lokacin da aka turo rukuninmu sashen yara ya yi kusan wata a kwance. Ana ba shi kunu ta robar hanci, ana juya shi saboda gyambon kwanciya, idonsa a buɗe. Kullum da misalin sha ɗaya na safe zagayen likitoci ke isowa gadonsa. A kira sunan da ke jikin folda, a ce "matse hannuna" da Hausa, wani ma da Turanci, a ɗan jira, a rubuta lambar jiya, a wuce gado na gaba. Ba mugunta ba ce. Gadaje sun yi yawa, likitoci kaɗan ne, kuma abin da aka koyar kenan.

Masu jinyarsa uku ne. Baban yana zuwa yana komawa. Uwar, yarinya ce ƙarama, kullum tana zaune a ƙasa wajen ƙafar gadon, ta ɗan ba shi baya, ba ta cewa uffan. Sai kakarsa ta wajen uba, wadda ita ce bakin gidan. Ita ce ta riƙe ni, ita ce kuma take riƙe duk mai farar riga da ya gifta, tana cewa da 'yar Hausarta, "Ɗan nan, yana ji fa. Ni na sani." Aka saba da ita har aka daina tsayawa.

Ranar wata Litinin baban ya zo da maganar tafiya. Ya sayar da bijimai biyu, damina ta kusa, akwai wasu yaran a gida. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "In babu kowa a cikin jikin nan, ku ba ni shi in kai shi gida, abin da Allah zai yi ya yi a gaban danginsa. In kuma yana nan, ku gaya mini gaskiya, ina da sauran saniya." Wallahi ban taɓa jin an yi tambayar likitanci da ta fi wannan tsabta ba. Duk wanda zai zagi mutumin nan don yana son ɗauke ɗansa bai taɓa biyan kuɗin gado na wata guda ba.

Akwai wata likita mai neman ƙwarewa a fannin yara, muna ce mata Cif kamar yadda ake ce wa duk na gaba da kai a asibiti. Ita ta ce masa, "Baba, ka ba ni kwana biyar. Ban ce zan warkar da shi ba. Amsar tambayarka nake son in nemo maka." Ya yarda. Da yamma ta tara mu a ɗan ɗakin likitoci ta yi mana lakcar da ba ta cikin jadawali, kuma abin da zan faɗa yanzu daga nan na fara jinsa, sauran na bi na karanta.

Halin nan na ido biyu ba amsa, Jennett ɗin nan dai shi da wani likitan Amurka, Fred Plum, suka raɗa masa suna a 1972, suna mai nufin mutum ya koma kamar tsiro. Sunan bai yi wa iyalai daɗi ba, kuma da gaskiyarsu, har a 2010 wasu likitocin Turai suka kawo shawarar a riƙa cewa mutum yana farke ne amma ba ya amsawa. A 2002 kuma Joseph Giacino da abokan aikinsa suka fayyace wani mataki da ke sama da wannan, inda hayyaci yake nan amma ɗan kaɗan, yana zuwa yana ɓacewa kamar wutar NEPA a unguwarmu. Mai wannan halin zai iya bin abu da ido, ko ya kai hannu ga abu, ko ya bi umarni yau gobe ya kasa. Bambancin matakan biyu ba na suna ba ne kawai. Wanda yake mataki na biyu ya fi samun damar ci gaba, kuma dole a ɗauka yana jin zafi, a ba shi magani in za a wanke masa gyambo.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yawan kuskuren da ake yi tsakanin biyun. A wani bincike da aka buga a 2009 daga Beljiyam, cikin marasa lafiya 44 da likitocinsu suka haɗu a kan cewa ba su da hayyaci, 18 an same su da alamar hayyaci da aka gwada su a tsanake. Kusan huɗu cikin goma kenan, kuma a Turai, inda mai gwaji da wanda ake gwadawa galibi yarensu ɗaya. To ina ga mu?

Gwajin tsanaken da aka yi amfani da shi sunansa CRS-R, Giacino ɗin ne da abokansa suka sabunta shi a 2004. Yana duba abu shida: ji, gani, motsi, baki da murya, isar da saƙo, da kuma yadda mutum yake farke. Makinsa daga 0 zuwa 23. Abin mamaki, ba ya buƙatar na'ura ko ɗaya. Madubi, ƙwallo, kofi, mataji, da haƙuri. Haƙurin ne mai tsada. Ana maimaita kowane umarni sau huɗu, sai an samu uku daidai a yarda. Kuma masu bincike na birnin Liège sun nuna a 2017 cewa gwaji ɗaya ba ya isa, a yi aƙalla sau biyar cikin 'yan kwanaki, don wanda ka tarar a ɓace da hantsi kana iya samunsa da asuba. Daga nan Cif ta samo kwana biyar ɗinta.

Abu na farko da ta hana shi ne "matse hannuna". Baban ma ya ce ai yana matse masa hannu. Ta ce masa, "Baba, jaririn kwana ɗaya ma in ka sa masa yatsa a tafin hannu zai damƙe." Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni takan koma wannan damƙar ta jarirai, ba da sanin mai ita ba. In dai sai an yi da hannu, a ce ya sake, a ga ko zai sake. Gara ma a zaɓi abin da ba ya faruwa da kansa, kuma kafin a ba da umarni a tsaya minti guda ana kallon irin motsin da yaron yake yi shi kaɗai, don kar ya yi abin da dama yake yi mu ce amsa ce.

Ranar farko da sha ɗaya aka gwada. Wata nas ta ciro madubin hodarta daga jaka. Cif ta riƙe shi dab da fuskar yaron, ta ja shi a hankali dama, hagu, sama, ƙasa. An zaɓi madubi ne don an gano idon marar lafiya ya fi bin fuskarsa a kan yatsa ko biro. Ba komai. Idon yana kallon silin. Kakar tana gefe tana ta magana da Fulfulde, ba wanda ya fahimta, har wata mai shara da ke goge ƙasan gadon kusa ta miƙe ta ce, "Cif, cewa take yi ba yanzu ake zuwa ba. Wai bayan sallar asuba yake dawowa." Cif ta buɗe takardar magani. Maganin jijjigarsa irin mai sa barci ne, kuma da safe ake ba shi. Wato duk zagayen da aka yi masa na wata guda, a lokacin da maganin ya fi ƙarfi a jikinsa aka yi shi.

Matar nan mai shara, wadda ban taɓa jin an tambaye ta ra'ayi a kan komai ba, ita ta zama tafintarmu har ƙarshe. Daga bakinta muka ji sauran abubuwan. Sunan da ke jikin folda sunan yanka ne, kuma sunan kakansa ne, don haka ba mai kiransa da shi a gida, akwai laƙabin da ya sani. Wata guda ana kiran yaro da sunan da wataƙila sau biyu ya taɓa ji a rayuwarsa. Alhali an gwada an ga marasa lafiya irin waɗannan sun fi juyowa ga sunansu a kan ƙarar ƙararrawa. Kuma uwar da wasu ɗalibai suke ta raɗa cewa ba ta damu ba, ɗan farinta ne. Ku da kuka tashi a gidajen Fulani da na Hausawan da, kun san sauran bayanin. Ba za ta kama sunansa ba, ba za ta rungume shi a gaban surukarta da baƙi ba. Mai sharar ta ce, "Ku zo ƙarfe biyun dare ku gani." In kowa ya yi barci ita ke goge masa jiki, ta sa baki a kunnensa ta yi ta yi masa magana har asuba.

Na daɗe ina juya wannan. Likitocin da suka yi aiki da yaran Afirka sun san darajar fuskar uwa tuntuni. Ma'aunin Blantyre, wanda Malcolm Molyneux da Terrie Taylor da abokan aikinsu suka fitar a Malawi a 1989 don yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, maki biyar ne kacal, kuma ɗaya daga ciki ana bayar da shi ne in yaro ya bi abu da ido, misali fuskar uwarsa. Kukan yaro ma ana auna shi, na daidai ne ko baƙon kuka. Wa ya fi uwa sanin baƙon kuka? Amma in uwar mai alkunya ce, ba za ta kawo fuskarta gaban ɗan a tsakiyar mutum goma masu fararen riguna ba. Sai an rage taron, an ja labule, an bar ta da mace 'yar'uwarta. A ganina ma yaron da aka hora kada ya ƙura wa babba ido, ko da ya fara dawowa, fuskar baƙon likita ba ita zai fara nema ba.

Rana ta biyu muka zo bayan asuba, kafin a ba da magani. Kakar ta kira shi da laƙabinsa, ta haɗa da tsokanar nan ta kaka da jika, wai maigidanta ya kwanta ya bar ta da yunwa. Cif ta ɗaga madubi. Idonsa ya sauko daga silin ya tsaya a kai. Ta ja hagu, ya bi. Ta dawo tsakiya ta sake ja, ya sake bi har ƙarshe. Ta ja dama, ya tsaya a hanya. Ba wanda ya yi magana. Kakar ce kawai ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, irin kallon nan na "ai na gaya muku".

Rana ta uku ba a samu komai ba. Jikinsa ya yi zafi da dare, ya wuni a ɓace. Da a ranar kaɗai aka gwada shi, da amsar da za a ba babansa daban ce.

Rana ta huɗu aka gwada umarni. A nan ma sai da aka yi gyara. Takardar gwajin tana maganar mataji da kofi da makamantansu. Yaron da kansa yake a aske tun yana goye, me ya haɗa shi da mataji? Kakar ta ciro ludayin da yake shan fura da shi a gida, aka samo asuwaki. Aka riƙe su biyun ta ɓangaren da yake gani, aka ce ta ce masa ya kalli ludayi. Wahalar da aka sha ba ta yaron ba ce, ta kakar ce, don in ta ce ludayi sai ta karkata gaba ɗaya wajen ludayin, har da nuni da baki. Sai da mai shara ta tsayar da ita a bayan kansa inda ba ya ganinta, murya kawai yake ji. Sau huɗu, ana sauya wa kayan wuri. Ya samu uku. Washegari ya sake samun uku.

Cif ta zaunar da baban a benci, mai shara tana fassarawa duk da yana jin Hausa, don uwar ma ta ji. Ta ce, "Baba, yana nan. Yana jin muryar Dada, yana gane wasu kalmomi. Ban san iya inda zai kai ba, kuma ba zan ce maka zai koma kamar da ba." Mutumin ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce to. Ya sayar da saniyar.

Kafin wani ya ɗauka cewa duk kakar da ta ce "yana ji" gaskiya ta faɗa, bari in ba ku labarin gadon da ke kallon nasa. Yarinya ce 'yar shekara huɗu, zazzaɓi ya kawo mata jijjigar da ta daɗe ba ta tsaya ba kafin a iso da ita. Uwarta Bahaushiya ce 'yar cikin gari, ba matsalar yare, ba matsalar suna. Da ta ga abin da ya faru da yaron sai ta ce a yi wa tata. Ta rantse tana yi mata murmushi, tana firgita in an buga ƙofa. Aka gwada da asuba, aka gwada da la'asar, da muryar uwar, da 'yartsanarta, da madubi, fiye da sau biyar. Firgitar tana nan, amma firgita jiki ne yake yin ta da kansa. Murmushin yana zuwa ko da mutum ko babu. Ba a samu ko alama ɗaya da ta maimaitu ba.

Nan ne na ga wuyar aikin. Ƙaramin yaro ya fi wuyar aunawa nesa ba kusa ba. Matakin da ake cewa mutum ya fita daga wannan hali shi ne ya amsa tambayoyi shida na e ko a'a duka daidai, irin su "ina taɓa kunnena yanzu?", a gwaji biyu a jere, ko kuma ya yi amfani da abubuwa biyu yadda ake amfani da su. To lafiyayyen ɗan shekara biyu ma zai faɗi tambayoyin nan. Shi ya sa a 2019 Beth Slomine da abokan aikinta a Baltimore suka fitar da na ƙananan yara, suka fara gwada shi a kan yara lafiyayyu don a san me ake tsammani a kowane shekaru. Ga kuma wasu tarkuna. Sanƙarau, da muka san shi sarai a nan in zafi ya yi zafi, yana kurmantar da yaro. Zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana iya makantar da shi alhali ƙwayar idon lafiya lau. Rauni a ɓangaren hagu na iya ɗauke fahimtar magana alhali mutum yana cikin hayyacinsa. Kurma ba zai bi umarninka ba, makaho ba zai bi madubinka ba, kuma ko ɗaya ba ya nufin babu kowa a ciki. Sannan raunin bugu da raunin da ƙwaƙwalwa ta rasa iska ko ta sha doguwar jijjiga ba tafiyarsu ɗaya ba, na bugu ya fi ba da damar farfaɗowa, ko da an daɗe.

Abin da Cif ta gaya wa uwar yarinyar na rubuta shi a bayan littafina. Ba ta ce "ba ta ji" ba, ba ta kuma ce "tana ji" ba. Cewa ta yi, "Maman yarinya, mun nema sau da yawa, ba mu ga alama ba tukuna. Yadda abin ya same ta, gaskiya damar ba ta da yawa. Amma ki ci gaba da yi mata magana, kuma duk abin da kika gani ki gaya mana lokacin da ya faru, mu zo mu duba a lokacin." Matar ta yi kuka sosai. Wani abokina ya ce da an bar ta da fatanta. Ni ban yarda ba. Ita ma tana da wasu yaran, tana da kayan ɗakin da za ta iya sayarwa, kuma tana da haƙƙin ta yi lissafinta a kan gaskiya kamar yadda mai shanu ya yi nasa.

Dalilin wannan "tukuna" ɗin yana da tushe. A 2006 Adrian Owen da abokan aikinsa a Cambridge ta Ingila suka sa wata mata 'yar shekara 23, wadda hatsarin mota ya bari ido biyu ba amsa, a na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Suka ce ta raya a ranta tana wasan tanis, sannan ta raya tana zagaya ɗakunan gidanta. Ƙwaƙwalwarta ta yi aiki a wuraren da ta lafiyayyu take yi. Jiki shiru, ciki ana ji ana bin umarni. A 2024 wani babban bincike ya samu irin wannan a mutum 60 cikin 241 da ba sa nuna bin umarni a zahiri, wato ɗaya cikin huɗu. Manya ne ba yara ba, kuma gwajin ko a Turai ba kowane asibiti ke yin sa ba, balle a kawo maganarsa ga wanda yake sayar da shanu. Amma akwai abin da ya shafe mu a ciki kyauta: bakinmu. Na sha jin 'yan dubiya, har da masu fararen riguna, suna tsaye a kan yaro suna cewa "wannan ai sai dai addu'a, ya riga ya tafi". In za ka faɗi haka, fita baranda.

Yaron ya ƙara mako uku. Aka sauya lokacin maganinsa, masu gashin ƙashi suka riƙa zuwa da sassafe. Wata rana aka sa masa ludayi a hannun hagu ya kai baki, aka ba shi asuwaki ya kai haƙori ya ɗan goga. Ya maimaita washegari. A ƙa'idar gwajin ya fita daga wancan hali kenan. Amma ranar da aka sallame shi bai fara magana ba, hannunsa da ƙafarsa na dama ba ƙarfi, e da a'a ɗinsa da ƙifta ido wani lokaci daidai wani lokaci ba daidai ba. A kafaɗa babansa ya ɗauke shi zuwa keke. Uwar tana biye a baya da ƙullin kaya, har yanzu ba ta kalle shi a gabanmu ba. Yarinyar kuma tana nan yadda take har muka bar sashen.

Yanzu ga abin da ya sa na dame ku da dogon rubutu. Ba kullum za a dace da mai shara mai jin yaren yaro ba, kuma ba kowane mai jinya ne zai gane me ake so ya faɗa ba. Mu uku a ɗakinmu mun fara rubuta 'yan jimlolin gwajin nan a harsunan jiharmu, yadda ake faɗa wa ƙaramin yaro a gida, ba yadda ake wa babba ba: kalli sama, kalli ƙasa, buɗe baki, fito da harshe, ɗaga hannu, sake hannuna, kalli kaza. Da kuma yadda ake tambayar mai jinya, wane suna kuke kiransa da shi a gida, wane lokaci ya fi farkawa, muryar wa ya fi sani. Takarda ɗaya ce za mu kai wa malamanmu su duba, in sun amince a ajiye a sashen yara. Ba ta maye gurbin muryar uwa ko kaka, don ɗalibi ya san abin da zai roƙa a faɗa ne. Muna da Tangale da Tera. Muna neman Fulfulde daga wanda ya sha ta a nono ba irina ba, da Waja, Tula, Bolanci, Barbarci, da duk wanda na manta, a yi mini afuwa. 'Yan sashen harsuna, ku ma ga ranarku.

Wanda zai turo ya haɗa da saƙon murya, kuma don Allah ya fara kiran gida ya tabbatar. Abokina na Billiri ya rubuta nasa da ƙarfin gwiwa, ya kira mamarsa ya karanta mata a waya. Ta yi dariya har da tari, ta ce in ya faɗa wa yaro haka ko lafiyayye ne kallonsa kawai zai yi. Jimla uku cikin bakwai ta gyara masa.